Inda Ka Ce Kada a Sa Ka

Zuwa ga mahaifina, wanda mutanen fadama suka sani da Mai Gora.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa yake yi wa ubansa a durƙushe, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin rahamarsa, ya yalwata maka makwancinka, ya haskaka shi.

Da na rubuta makwanci sai hannuna ya tsaya. Mutane idan suna son gaida iyayensu da suka riga mu gidan gaskiya, maƙabarta suke zuwa ranar Juma'a da safe, su tsaya a gefen tudun ƙasa su yi sallama. Ni ba ni da inda zan tsaya. Shekara uku ke nan da rasuwarka, shekara ɗaya da rabi kuma da ambaliya ta shafe kabarinka, ba a san inda yake ba. Duk garinmu sun ɗauka ƙaddara ce. Ƙaddara ce, ban musa ba, amma da hannuna a ciki, kuma ban da ni da kai ba wanda ya sani.

Inna ba ta sani ba. Yaya Garba bai sani ba. Duk lokacin da na je gida zan dawo Haɗejiya, sai Inna ta rako ni bakin zaure ta ɗora mini hannu a ka, da girmana da furfurar da ta fara fito mini, ta ce Allah ya yi mini albarka yadda na tsaya a kan jana'izar ubana. Wannan albarkar da ita nake ci, da ita nake sha, kuma na san ta sata ce. Gobe in Allah ya kai mu zan je in faɗa mata gaskiya, in ga ko za ta ci gaba da sa mini ita. Amma kai ne mai haƙƙi na farko, shi ya sa na fara da kai. Masu bin abin da nake rubutawa a shafina su ma za su karanta, na sani. Su karanta, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Su ba su san ka ba, don haka ka yi haƙuri in maimaita maka abin da ka fi ni sani. Kai masunci ne ɗan masunci, a ƙauyenmu na bayan Auyo. Tun ina ƙarami na san ka kwance ruf da ciki a kan babbar gora, da komar kamun kifi a kowane hannu, kana yawo a tafki kamar a tsakar gidanku. Amma ba don kifi aka fi saninka ba. Duk shekara kafin damina, idan za a ɗaga jinga don tare ruwa, kai ake kira. Sai ka bi fadama da sandarka a tsakiyar rani, ƙasa ta bushe ta tsattsage, ko'ina shimfiɗe iri ɗaya a idon kowa, ka tsaya a wani wuri ka ce nan zai biyo. A yi ta gardama, ruwa ya zo, nan ɗin ya biyo.

Idan aka tambaye ka yadda ka sani, maganarka ɗaya ce: "Ruwa bai iya karkata ba. Shi a ganinsa miƙewa yake yi. Ƙasa ce a lanƙwashe, shi kuwa yana bin ta."

Ka tuna ranar goruba? Ina ɗan shekara goma sha shida, na dawo hutu daga makarantar kwana, kaina cike da abin da aka ɗura mini, ko narkewa bai yi ba. Kuna zaune a inuwa bakin tafki kuna ɗinkin taru, kai da abokan sana'arka, sai goruba ta faɗo tim a gabanmu. Wani ya ce to ɗan makaranta, gaya mana abin da ya faɗo da ita. Na gyara tsayuwa, na ce duniya ce take jan ta da wani ƙarfi, kamar yadda take jan wata, rana kuma take jan duniya. Ba ka ko ɗago kai ba ka ce, "Da wace igiya? Ni ban taɓa ganin an ja abu ba igiya ba. Inda aka kwantar masa da hanya, nan abu yake bi."

Na yi dariya, Baba. Ba murmushi ba, dariya, a gaban tsararka. Na ce wannan ba maganar kamun kifi ba ce, maganar ilimi ce. Ka ƙulla zarenka, ka datse shi da haƙori, ka ce, "To, Allah ya ƙara ilimi, Malam." Daga ranar sunan ya bi ni. Da farko tsokana ce, daga baya ya zauna, har Yaya Garba da ya girme ni da shekara bakwai Malam yake ce mini. Ni kuwa sakarai na ɗauka sarauta aka naɗa mini.

Sai da na je jami'a a Kano, a shekarar ƙarshe, aka koya mana abin da ya sa na rasa inda zan sa kaina. Bari in faɗa maka shi da Hausa, yadda ya kamata a ce na faɗa maka tun kana raye.

Abin da na faɗa a bakin tafki ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Lissafinsa yana aiki, da shi ake gina gada har gobe. Amma shi kansa wanda ya fito da shi, ɗaruruwan shekaru da suka wuce, ya yarda bai san yadda rana za ta ja duniya ba alhali babu komai tsakaninsu. Tambayarka ke nan, kuma ba shi da amsarta. Sai bayan dogon zamani wani masani ya zo ya nuna cewa igiyar ce babu, ba abin da ake ja.

Ya ce sararin da abubuwa suke ciki, da lokacin da yake wucewa a kansu, ba abu biyu ba ne, a saƙe suke da juna. Kuma wannan saƙar ba a shimfiɗe take sambal ba. Duk abu mai nauyi, irin duniya ko rana, yana lotsa ta. Ka ga idan mutum huɗu suka riƙe taru suka ɗame shi, aka ɗora giwan ruwa a tsakiya, ai tsakiyar za ta lotsa. Ka gangara goruba daga gefe, ba za ta tafi a miƙe ba, za ta kewayo ta nufi kifin, alhali kifin bai taɓa ta ba. To haka wata yake da duniya, haka duniya take da rana. Kowannensu yana bin hanyar da ta fi kowace miƙewa a gabansa, hanyar ce a lanƙwashe. Hatta haske idan ya gifta kusa da rana sai ya kauce kaɗan, kuma an auna an gani a lokacin husufi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lokaci ma yana lotsawa. Agogon da ke ƙasa ya fi wanda ke saman dutse jinkiri, da ɗan abin da mutum ba zai taɓa ji a jikinsa ba, amma na'ura tana ji. Kuma wannan ɗan bambancin ne ya faɗo da gorubar nan. Da ta rabu da uwarta ba wanda ya kamo ta, hanyarta ce ta cikin lokaci ta karkato zuwa inda lokaci ya fi jinkiri, wato ƙasa. Nauyin da mutum yake ji a tafin ƙafarsa idan yana tsaye kuwa, ba jansa ake yi ba, ƙasa ce ta tokare shi ta hana shi bin hanyarsa.

Ba zan yi maka ƙarin gishiri ba don ba ka da rai. Misalin taru yana ɗingishi, na kogi ma haka, don gangaren ruwa da lotsawar taru, abin da muke neman bayaninsa shi yake jawo su. Lissafin kuma kai ba ka san shi ba, ni ma da ƙyar na tsallake jarrabawarsa. Amma tambayarka ita ce tambayar, amsarka kuma ta fi tawa kusa da gaskiya. Ina zaune a aji ana cika allo da alamomi, ni kuwa muryarka nake ji a bakin tafki.

Hutun da ya biyo na zo gida da niyyar in faɗa maka. Na same ka a wurin banda kana juya kifi, hayaƙi ya sa idonka ya yi ja. Na tsuguna, na buɗe baki, sai na ji ina tambayarka ko ruwan bana ya kai na bara. Girman kai ne, ba wani abu ba. Na samu aikin koyarwa a wata sakandare a Haɗejiya. Kowace shekara idan na kai ƙarshen darasin abin da ke sa abubuwa faɗuwa, sai in ɗan leƙa da ɗalibai wannan magana, in kawo musu zancenka na ruwa da ƙasa, su yi ta jinjina kai. Ka san abin da nake cewa? "Kamar yadda wani dattijo ya taɓa faɗa." Wani dattijo. Ko ubana ban iya cewa ba. Shekara goma sha ɗaya ina haka kana raye, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a babur ba tsakanina da kai.

Yanzu ga abin da na zo faɗa.

Wata biyar kafin rasuwarka, da kaka, na ɗauko ka a babur zan kai ka asibiti a duba maka ƙirjin nan. Tsohuwar maƙabartarmu ta kusa cika a lokacin, an yanki sabon fili a gefen hanya kana kwance ba ka sani ba. An zuba masa jar ƙasa an baje, ya yi kyau, mota ma tana iya zuwa har bakinsa. Muna gifta shi ka dafa kafaɗata ka ce in tsaya. Ka sauka da ƙyar, ka shiga filin, ka caka sandarka a wuri biyu uku, ka daɗe kana kallon gabas. Sannan ka dawo ka ce, "Malam, idan na riga ka, kada ku sa ni nan. Tsohon hannun kogi ne, ina yaro mun kama tarwaɗa a nan. Ku kai ni tsohuwa, gindin aduwa, ko da ƙasar ta yi tauri. Ka kuma gaya wa mai unguwa su sake wuri tun ba a fara sa mutane ba."

Na ce haba Baba, ai sai ka ga 'ya'yan jikokinka. Ina faɗa ina duba agogo, kada layin ganin likita ya yi tsawo. Daga ni sai kai a wurin.

Tun da muka dawo daga asibitin nan ba ka ƙara fita ko ƙofar gida ba. Sau ɗaya ka tambaye ni, ina gyara maka matashi, ko na isar da saƙon. Na ce eh. Ban isar ba. Na sa a raina zan yi idan na samu sarari, ga jarrabawar ɗalibai, ga wannan ga wancan, can ƙasan zuciyata kuma ina ganin rigimar tsufa ce. Filin da aka zuba wa ƙasa da manyan motoci, wane hannun kogi kuma? Kai kuwa ka ba da saƙon ga wanda kake ganin ya fi kowa fahimtar irin wannan magana, ya ce maka ya isar, don haka ba ka sake tayar da ita da kowa ba.

Ka cika ranar Juma'a da hantsi, a tsakiyar bazara. Ina aji aka kira ni. Shugaban makarantarmu ya ɗauko ni a motarsa da wasu malamai biyu, muka iso ana yi maka wanka. Na wuce maƙabarta, na tarar masu ginar kabari sun riga sun kai rabi, a sabon fili. Kai ne za ka zama na farko a cikinsa. Wani tsoho cikinsu ya damƙo ƙasar da ke fitowa daga ramin, baƙa, da danshi, a watan da rijiyoyi ke ƙafewa, ya nuna wa Yaya Garba. Yaya ya ja ni gefe ya ce, "Malam, duba mana. Nan ya yi?"

Wallahi ban manta ba, Baba. Da mantuwa ce da na samu abin faɗa wa Allah. Kowace kalma taka tana kunnena. Amma na hango gindin aduwa can nesa, na san ƙasar wurin a bazara sai an yi ta sara har la'asar. Na dubi rana, na tuna ba a barin mamaci yana jira a irin wannan zafi. Na dubi shugabanmu da farar shaddarsa yana fifita da hula. Duk waɗannan hujjoji ne, kuma na yi shekara uku ina jera wa kaina su. Gaskiyar ita ce idan na ce a tashi daga nan sai na faɗi dalili, sai na ce a gaban jama'a ubana ya ba ni saƙo na danne wata biyar, har na yi masa ƙarya yana kwance.

Sai na ciro waya. Na buɗe taswirar nan mai nuna tudun wuri, na yi taku goma nan, goma can, ina kallonta da fuskar masana. Jama'a suna jira. Na ce, "Ya yi. Tudu ne."

Ni malamin kimiyya ne, na san wayar nan tana iya kuskuren da ya fi tsayin mutum wajen auna tudu, kwarin da kake magana a kai kuwa bai fi kamu biyu ba. Na san ba za ta iya amsa tambayar ba. Abin kunyar ma, taurarin ɗan'adam da take sauraro ba sa iya nuna wa kowa inda yake sai da aka daidaita agogunansu saboda lotsawar lokacin nan da na faɗa maka. Abin da aka gina a kan maganar da ta yi kama da taka, shi na ɗaga na toshe bakinka da shi. Tsohon nan mai ginar kabari ya watsar da ƙasar hannunsa ya koma cikin rami.

Ni da Yaya muka shiga muka karɓe ka, muka kwantar da kai a kan damanka. Na ji sanyin ƙasar a gwiwata ta cikin wando. Aka jera itace, aka kwaɓa ƙasa aka liƙe, aka mayar da sauran.

Daminar farko ruwa bai yi yawa ba, bai ko kusanci wurin ba. Kada in ɓoye maka, har daɗi na ji. Na ce a raina to ka gani, tsoho ma yana kuskure. Daga nan kuma duk wanda ya rasu a garinmu can aka kai shi, manya da jarirai, don Malam ya duba ya ce tudu ne.

Damina ta biyu jinga ta karye daga sama. Gari ya fito, aka yi ta cika buhuna da yashi ana jerawa ta bakin hanya, inda kowa yake zaton zai ɓullo. Bai bi nan ba. Ya zagayo ta gabas, ta daidai inda ka tsaya kana kallo, ya shiga sabon fili ya ratsa ta tsakiya, jar ƙasar da aka zuba ta narke kamar gishiri. Sama da wata guda sai da kwalekwale ake wucewa ta wurin. Da ya janye babu tudu ko ɗaya, babu itacen da muka kafa alama, sai laka da wani rami mai zurfi da ya tsaga filin biyu. Dattawa suka tattara abin da aka samu, aka sake suturtawa, aka binne wuri guda a tsohuwar maƙabarta, liman ya yi addu'a. Ba wanda ya san wane ne wane, ba wanda ya san ko kana ciki. Gindin aduwa kuwa ruwan ko kusa da shi bai je ba.

Da can duk Juma'a Inna takan tura mu mu gaishe ka, mu dawo ta tambaya ko ciyawa ta rufe, ko ƙayar da aka sa tana nan. Tun daga ambaliyar ba ta ƙara tambaya ba. Kuma ba wanda ya tuhume ni, ko mutum ɗaya. Da wani ya tare ni a kasuwa ya zage ni tas da na samu sauƙi. A'a, sai jaje ake yi mini, ana cewa ruwan bana ya fi ƙarfin ilimi.

Abin da ya ingiza ni yanzu, shekaranjiya mai unguwa ya aiko. Tsohuwa ta cika, za a yanki wani fili, wai in zo da wayar nan tawa in duba musu. A ɗakin malamai na karanta saƙon, ban iya shiga aji ba ranar.

Nan zan dakata sai na dawo.

Na je, Baba. Kwana biyu ke nan takardar tana ajiye.

Da mai unguwa na fara, don shi ya fi sauƙi. Na faɗa masa komai a gaban mutanen da ke zaurensa, biyu daga cikinsu suna da nasu a filin nan. Na ce wayata ba ta san komai ba, su nemi tsofaffin abokanka da suka rage, su bi su a ƙafa. Ɗaya ya tashi ya fita ba sallama, shi ne wanda aka sa 'yarsa ta goye a can. Ban ga laifinsa ba.

Yaya Garba a gonar shinkafa na same shi yana ban ruwa. Ya kashe inji ya saurare ni har ƙarshe. Ya dube ni ya ce, "Na tambaye ka fa." Sai ya sake tayar da injin.

Inna tana tsakar gida tana shanya shinkafar da ta turara, tana baza ta a tabarma da tafin hannu. Na durƙusa daga nesa kaɗan na fara, tun daga ranar babur har zuwa waya. Ba ta daina bazawa ba, wuri ɗaya take ta shafawa. Na gama, na jira zagi, ko kuka, ko ta ce in tashi in ba ta wuri. Da ta yi magana, ba ni take kallo ba.

Ta ce, "Tun da ruwan nan ya zo nake jin haushinsa. Ina cewa mutumin da ya san hanyar ruwa a gonar kowa, ya kwanta wata biyar a ɗakin nan bai iya buɗe baki ya ce ga inda za a sa shi ba. Har a sallah sai in kasa yi masa addu'a da zuciya ɗaya. Ashe ya faɗa."

Wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. Na ɗauka kabari kaɗai na raba ka da shi. Ashe shekara ɗaya da rabi ina karɓar albarka, kai kuma kana ɗauke da laifina a zuciyar matar da kuka yi shekara arba'in da wani abu tare. Ta ja mayafinta ta rufe fuska, na ji tana kiranka da sunan nan da take sakaya naka da shi, tana cewa ka yafe mata. Ita take neman gafara, Baba, ina durƙushe a gabanta.

Bayan la'asar na yi mata sallama. Ta rako ni bakin zaure kamar kullum. Na cire hula, na sunkuyar da kai, na jira. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, ta juya ta koma ciki.

Ban ce ta yi mini rowa ba. Zan koma Juma'a mai zuwa, da wadda ke bayanta, in sunkuyar da kan, komai daɗewa.

Babana, ban san yadda ake neman yafiyar wanda ba zai iya amsawa ba. Na dai faɗa, a gaban Allah da gaban mutane, cewa ka ba ni amana na ci, kuma laifin nawa ne, ba naka ba. Ina kewarka fiye da yadda na taɓa bari ka gani.

Allah da ya san inda kowane ƙashi naka yake, a laka ne ko a tudu, ya tattara ka cikin rahamarsa, kai da duk waɗanda aka sa a filin nan a kan maganata. Ya sanyaya zukatan iyalansu. Ya sa addu'ar da Inna za ta yi maka daga yau ta isa gare ka cikakkiya, ya cike maka ta kwanakin da na hana ka. Ni kuma ya yafe mini, ya ba ni tsawon ran da zan sake jin hannunta a kaina. Amin.

Ɗanka mai laifi,
Habu,
daga Haɗejiya.